Sharhin Sabbin Kundayen Pank da Rok: Inda Ma'auni Yake Karkata

Tun daga watan Yulin 2015 manyan kamfanonin faifai na duniya suka tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da sabbin waƙoƙi, kuma wannan tsari ya sa mai sharhin kiɗa a Landan ko New York yakan wayi gari da kaya iri biyu a gabansa, waɗanda ba abin da ya haɗa su sai jita da ganga. Akwai kundin (wato faifai mai tarin waƙoƙi) wasu samari ko 'yan mata da suka naɗi waƙoƙinsu cikin 'yan kwanaki da kuɗin da suka tara daga wasa a ƙananan gidajen kiɗa, akwai kuma kundin dattawan da suka fara cika filayen ƙwallo da jama'a tun kafin a haifi iyayen waɗannan yara. Mujalla takan buga sharhin duka biyun a shafi ɗaya, ta ba kowanne maki ko taurari, mai karatu kuma ya ɗauka cewa tauraro huɗu na nan daidai yake da tauraro huɗu na can. Ba haka abin yake ba. Wanda ya daɗe yana bin irin waɗannan rubuce-rubuce zai lura cewa ma'aunin ya karkata: ana yi wa tsofaffin makaɗan rok sassauci saboda girman sunansu, ana kuma tsananta wa yaran pank ta hanyar gwada su da magabatansu, alhali yaran ne rayuwar sana'arsu ta rataya a kan abin da aka rubuta game da su.

Kafin a fahimci dalilin wannan karkata, dole a san abin da kiɗan pank yake da kuma abin da ya haife shi. A tsakiyar shekarun 1970 kiɗan rok ya riga ya zama babbar masana'anta. Ƙungiyoyi irin su Led Zeppelin da Pink Floyd da Yes suna shafe watanni a sutudiyo, waƙa ɗaya takan kai minti goma ko ashirin, makaɗan kuma sun yi nisa da matasan da ke sauraronsu, musamman a Birtaniya inda rashin aikin yi da tsadar rayuwa suka addabi 'ya'yan talakawa. Pank ya taso ne a matsayin tawaye ga wannan hali. A New York, a wani ƙaramin gidan kiɗa mai suna CBGB da aka buɗe a 1973, ƙungiyar Ramones ta fito da salon waƙa gajera mai gudu, kuma kundinta na farko da ya fito a Afrilun 1976 yana ɗauke da waƙoƙi 14 cikin minti 29, an kuma naɗe shi a kan dala 6,400 kacal. A Landan ƙungiyoyin Sex Pistols da The Clash da The Damned suka ƙara wa salon zafin siyasa. A farkon 1977 wata 'yar mujalla da masoya ke haɗawa da hannu, mai suna Sideburns, ta zana yadda ake kamun tsirkiyar jita iri uku, sannan ta umarci mai karatu ya je ya kafa tasa ƙungiyar. A watan Janairun wannan shekara ƙungiyar Buzzcocks ta Manchester ta ranci kimanin fam 500 daga 'yan uwa da abokai ta buga faifanta da kanta, ba tare da jiran wani kamfani ba.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai sharhi ta fuskoki biyu. Da farko, ya nuna cewa ƙwarewar hannu da tsabtar sauti, waɗanda su ne ma'aunin da aka saba auna makaɗi da shi, ba su ne abin nema a pank ba. Mawaƙin da muryarsa ke tsagewa, ko makaɗin jitar da bai iya fiye da kamun tsirkiya uku ba, yana iya yin aikin da ya fi na gwani tasiri, domin abin da salon ya yi alkawari shi ne gaggawa da gaskiya da kusanci da mai sauraro. Mai sharhin da ya rage wa kundin pank maki don sautinsa bai goge ba, ya yi hukunci ne a kan alkawarin da ba a yi masa ba. Na biyu kuma, wanda ya fi ɗaure kai, shi ne cewa pank ɗin kansa ya tsufa. The Clash sun taɓa shelanta a waƙa cewa a 1977 babu sauran gurbi ga manyan taurarin rok irin su Elvis Presley ko ƙungiyoyin Beatles da Rolling Stones, amma yau Rolling Stones na nan suna fitar da sabon kundi, su kuwa mutum huɗun da suka kafa Ramones duk sun rasu tsakanin 2001 da 2014. 'Yan Green Day, waɗanda suka kai pank gidajen miliyoyin mutane a 1994, sun haura shekara hamsin. Saboda haka yaron da ya ɗauki jita yau don yin pank ba yana rushe al'ada ba ne kamar yadda magabatansa suka yi. Yana shiga ne cikin wata al'ada mai kusan shekara hamsin, wadda take da nata dattawan da nata ƙa'idojin.

Daga nan ne kuskuren da ya fi yawa a sharhin sabbin ƙungiyoyi yake tasowa, wato cika rubutu da sunayen magabata. Mai sharhi zai ce ganga irin ta wane ce, jita irin ta wane, murya kuma tana tuna masa da wance, ya kai ƙarshen rubutu bai faɗi abin da yaran suke cewa ba. Wannan hanya tana da sauƙi ga marubuci, tana kuma nuna faɗin iliminsa, amma tana mayar da sabon aiki ya zama inuwar tsoho tun kafin a saurare shi. Irin wannan ya sami Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga jihar Tawa ta Nijar, wanda kamfanin Matador na Amurka ke fitar da kundayensa, kuma mai kaɗa masa jitar bas, Mikey Coltun, ya taso ne a cikin 'yan pank na birnin Washington. Marubutan Turai da Amurka sun daɗe suna kiransa Hendrix na Sahara, wato suna gwada shi da marigayi Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita Ba'amurke, laƙabin da ke ɗauke hankali daga abin da ya fi muhimmanci, wato cewa kundinsa na 2024 zargi ne kai tsaye, cikin harshen Tamashek, ga shugabannin Afirka da kuma rawar da Faransa ta taka a ƙasarsa. Kwatance yana da amfani idan ya buɗe wa mai karatu ƙofa, amma idan ya zama shi ne duk sharhin, an zalunci mai aikin.

Tambayar da ta dace a yi wa sabuwar ƙungiyar pank ita ce ko fushin da ke cikin waƙoƙinta nata ne ko na aro. Akwai bambanci tsakanin gado da kwaikwayo, kuma gane shi ne ainihin aikin mai sharhi. Ƙungiyar Amyl and the Sniffers ta birnin Melbourne a Ostareliya ta fara ne a 2016 da ɗan ƙaramin faifai mai waƙoƙi huɗu da aka rubuta aka kuma naɗa cikin awa goma sha biyu. Kiɗansu bai zo da wani sabon gini ba, kowa zai ji tsohon salon kiɗan mashayun Ostareliya a cikinsa, amma abin da mawaƙiyarsu Amy Taylor take faɗa nata ne: tsoron mace da ke komawa gida ita kaɗai da dare, raini da ake yi wa 'ya'yan masu aikin ƙarfi, da gajiyar zama abin kallo a intanet. Haka ƙungiyar Soul Glo ta Philadelphia, wadda kundinta na 2022 ya haɗa pank mai tsananin gudu da salon rap, mawaƙinta Pierce Jordan yana zuba kalmomi da yawan da sai an karanta su a rubuce ake kama su, yana magana a kan talauci da lafiyar ƙwaƙwalwa da zama Baƙar fata a cikin salon da mutane da yawa suka ɗauka na Farare ne, duk da cewa Baƙaƙen fata irin su ƙungiyar Bad Brains da mawaƙiya Poly Styrene ta ƙungiyar X-Ray Spex suna cikin waɗanda suka aza harsashinsa. A irin waɗannan kundaye tsohon kaya ne aka ɗauka aka yi sabon aiki da shi. Akasin haka shi ne abin da mujallar Pitchfork ta hukunta a 2018 lokacin da ta ba kundin farko na Greta Van Fleet, wasu samari 'yan jihar Michigan masu kiɗan rok, maki 1.6 cikin 10, bisa hujjar cewa sun ɗauki sautin Led Zeppelin ɗungurungum ba tare da ƙara komai nasu ba. Makin ya yi tsauri fiye da kima ga yaran da ke farkon tafiya, amma tambayar da aka yi musu ita ce tambayar da ta dace.

Akwai wani tarko kuma, wanda ke kama mai sharhi mai kyakkyawar niyya: labarin ƙungiya ya rufe waƙoƙinta. A watan Mayun 2021 bidiyon wasu 'yan mata huɗu, The Linda Lindas, suna kiɗa a ɗakin karatu na jama'a a Los Angeles ya bazu a duniya. Mai kaɗa musu ganga, wadda shekarunta goma a lokacin, ta gabatar da waƙar da bayanin cewa wani yaro a ajinsu ya gaya mata mahaifinsa ya ce ya nisanci 'yan China, kuma da ta ce masa ita ma jinin China ce sai ya ja da baya. Cikin 'yan kwanaki aka sanar cewa kamfanin Epitaph ya ɗauke su. Da kundinsu na farko ya fito a 2022, rubuce-rubuce da yawa sun tsaya a kan ƙuruciyarsu da wancan bidiyo, kamar dai abin yabon shi ne yara sun iya riƙe kayan kiɗa. Wannan yabo ne da raini a cikinsa. Girmamawar da ta dace da su ita ce a saurari waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, a faɗi wadda ta tsaya da ƙafarta da wadda ba ta nuna ba tukuna, kamar yadda za a yi wa kowane makaɗi.

Matsala ta gaba takan zo ne a kundi na biyu ko na uku, lokacin da ƙungiya ta sami kuɗi da babban furodusa, sautinta ya faɗaɗa. A duniyar pank wannan mataki yana jawo zargin cin amana, kuma zargin yana da tarihi. Gidan kiɗa na 924 Gilman Street a Berkeley, inda Green Day suka yi ƙuruciyarsu, ya haramta musu hawa dandamalinsa bayan sun sa hannu da kamfanin Reprise a 1993, kuma ba su koma wasa a can da sunansu a hukumance ba sai 2015. Ƙungiyar Turnstile ta Baltimore ta gamu da irin wannan muhawara da kundinta na 2021, wanda ya shigo da sautuka masu laushi cikin kiɗa mai tsanani, ya kuma kai su ga shiga takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a rukuni uku. Amyl and the Sniffers ma sun naɗi kundinsu na 2024 a Los Angeles, sun rage gudu a wasu waƙoƙi har sun shigo da busa. Mai sharhi a nan yana tsakanin masoya na farko da ke jin an ƙwace musu abinsu, da sabbin masu sauraro da ba su san abin da ya gabata ba. A ganina bai kamata ya zama mai gadin ƙofar salo ba. Abin dubawa shi ne ko faɗaɗa sautin ya ba waƙoƙin damar faɗin abin da tsohon sautin ba zai iya ɗauka ba, ko kuwa an goge kaifin ne kawai don a sami shiga gidajen rediyo.

Idan aka juya ga tsofaffin makaɗan rok, sai a tarar da ciwon ya sauya kama. A nan ba tsanani ne matsalar ba, kunya ce da kusanci. Mai sharhi ya taso da waƙoƙin waɗannan mutane, mujallarsa tana bukatar hira da su don ta sayar da bugu, kuma akwai nauyin da kowane ɗan Adam yake ji wajen gaya wa dattijo cewa aikinsa bai kai ba. Misalin da aka fi ambata shi ne na 2001, lokacin da Jann Wenner, wanda ya kafa mujallar Rolling Stone a 1967 kuma abokin Mick Jagger, mawaƙin ƙungiyar Rolling Stones, ne, ya rubuta sharhi da kansa ya ba kundin da Jagger ya yi shi kaɗai taurari biyar cif, makin da mujallar ke keɓe wa ayyukan da suka shiga tarihi, alhali Keith Richards, abokin kiɗan Jagger na tsawon rayuwa, ya yi wa kundin ba'a a bainar jama'a. A 2014 kuma mujallar ta zaɓi kundin ƙungiyar U2 a matsayin mafi kyau na shekara, wato kundin nan da kamfanin Apple ya jefa cikin asusun iTunes, shagonsa na waƙoƙi a intanet, na mutane kimanin miliyan 500 ba tare da sun nema ba, har koke ya yi yawa aka fitar da hanyar goge shi. Irin wannan sassauci yana lalata amincewar mai karatu, domin idan kowane sabon kundin dattijo gagarumi ne, to ranar da gagarumin na gaskiya ya fito ba sauran kalmar da za a kira shi da ita.

Akwai wata jimla da ta zama alamar wannan sassauci, wato a ce wannan ne kundinsu mafi kyau tun bayan wani tsohon kundi da aka yi shekaru talatin ko arba'in da suka wuce. An faɗe ta sosai a watan Oktoban 2023 lokacin da Rolling Stones suka fitar da Hackney Diamonds, kundinsu na farko na sabbin waƙoƙi tun 2005, kuma na farko bayan rasuwar mai gangarsu Charlie Watts a 2021. Jagger yana da shekara 80 a lokacin, furodusan kuwa, Andrew Watt, an haife shi ne a 1990. An gayyato Paul McCartney da Stevie Wonder da Elton John da Lady Gaga, kundin ya hau saman jerin ciniki a Birtaniya, daga baya ya ci kyautar Grammy ta kundin rok mafi kyau a 2025. Ba a musun cewa aikin yana da kuzari, kuma muryar Jagger abin mamaki ce a wannan shekaru. Sai dai waccan jimla ba ta gaya wa mai karatu komai face cewa kundayen da ke tsakani ba su yi armashi ba, tana kuma kauce wa tambayar da ta fi nauyi: shin shekaru tamanin sun shiga cikin kiɗan, ko an yi aiki ne don a ɓoye su? A yawancin kundin an goge sauti an ƙara masa sheƙi yadda zai yi gogayya da na matasa a rediyo, kuma waƙoƙin na iya fitowa daga bakin ɗan shekara talatin ba tare da an sauya kalma ba. Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne na ƙarshe, inda Jagger da Richards su biyu kawai suka rera tsohuwar waƙar bulus (salon kiɗan Baƙaƙen fatar Amurka) ta Muddy Waters wadda daga ita ƙungiyar ta samo sunanta, ba ado ba baƙi. A can ne ake jin mutum biyu da suka shafe fiye da shekara sittin suna kiɗa tare. Sharhin gaskiya zai yaba kuzarin, ya kuma faɗi cewa minti kaɗan ne kawai a kundin ba wanda zai iya yin su sai su.

Kundin da The Cure suka fitar ranar 1 ga Nuwamban 2024, Songs of a Lost World, ya bi wata hanya dabam, kuma shi ne ya fi nuna abin da dattijo zai iya yi wanda yaro ba zai iya ba. Shekara 16 ƙungiyar ta yi ba ta fitar da sabon kundi ba. Mawaƙinta Robert Smith, mai shekara 65 a lokacin, ya rubuta waƙoƙin ne bayan rasuwar mahaifiyarsa da mahaifinsa da yayansa, ya kuma taƙaita su zuwa takwas. Waƙar farko takan shafe fiye da minti uku ana kiɗa kafin a ji murya, abin da ya saɓa wa duk dabarar kasuwar yau, inda Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, ke ƙirga sauraro bayan daƙiƙa talatin, masu waƙa kuma ke gaggawar jefa amshi tun a farko don kada a tsallake su. Duk da haka kundin ya zama na ɗaya a Birtaniya, karo na farko ga ƙungiyar tun 1992. Darajarsa ba a sabon salo take ba, domin sautin The Cure ne da aka sani tun shekarun 1980. Darajarsa ita ce baƙin cikin da Smith ya rera yana saurayi a matsayin hasashe, yanzu ya rera shi a matsayin abin da ya same shi. Haka David Bowie ya yi da kundinsa na ƙarshe, wanda ya naɗa da makaɗan jaz na New York yana ɓoye cutar dajin da ke cinsa, ya fito ranar 8 ga Janairun 2016, shi kuma ya rasu bayan kwana biyu. Waɗanda suka rubuta sharhi kafin rasuwar sun yaba ƙarfin halin gwada sabon abu, amma kaɗan ne suka gane cewa bankwana suke saurare, abin da ke nuna iyakar hukuncin da ake yankewa cikin mako guda.

Ba kowane dattijo ake nema wa wannan zurfi ba. AC/DC sun fitar da kundi a 2020 wanda kusan bai bambanta da abin da suke yi tun shekarun 1970 ba, kuma da gangan suka yi haka. Adalci a gare su shi ne a duba ko sun cika alkawarin da suka saba yi, ba a zarge su da ƙin zama wasu ba. Waƙar da aka fitar da sunan Beatles a Nuwamban 2023 kuwa ta kawo wata tambaya sabuwa, domin an yi amfani da fasahar ƙirƙirarriyar basira wajen tsamo muryar marigayi John Lennon, ɗaya daga cikin mawaƙan ƙungiyar, daga wani tsohon kaset da ya naɗa a gida a ƙarshen shekarun 1970, aka haɗa da jitar George Harrison, wanda shi ma ya rasu tun 2001. Mai sharhi a nan dole ya bambance tsakanin waƙar kanta, wadda matsakaiciya ce a ma'aunin ƙungiyar, da motsin ran da jin muryar mamaci ke haifarwa.

Dalilin da ya sa wannan karkata ba ƙaramin lamari ba ne yana cikin lissafin kuɗi. Ga tsohon makaɗi, sabon kundi sau da yawa talla ne ga rangadin wasanni, inda ainihin ribar take, kuma dukiyarsa ta riga ta tabbata a tsofaffin waƙoƙinsa: Bob Dylan ya sayar da haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta ga kamfanin Universal a 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 300, Bruce Springsteen kuma ya sayar da nasa ga Sony a 2021 a kan kimanin dala miliyan 500. Mummunan sharhi ba zai hana a cika musu fili ba. Yaran pank kuwa suna fitowa ne cikin kasuwar da ake zuba wa kusan sabbin waƙoƙi dubu ɗari a kowace rana, kuma tun 2024 Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara ba. Ƙananan gidajen kiɗa, waɗanda su ne makarantar kowace ƙungiya, suna rufewa. Ƙungiyar Music Venue Trust ta ƙirga 125 da suka rufe ko suka daina sa kiɗa a Birtaniya a 2023 kaɗai. Su kansu wuraren sharhin suna ƙarewa: mujallar Melody Maker ta tsaya a 2000, mujallar NME ta daina fitowa a takarda mako-mako a Maris na 2018, mujallar Q ta rufe a 2020, a Janairun 2024 kuma kamfanin Condé Nast ya mayar da Pitchfork ƙarƙashin mujallar GQ ya sallami ma'aikata da dama. Idan fili ya ragu, edita yakan ba da shi ga sunan da zai jawo masu karatu, wato dattawa, yaran kuma su sami layi uku ko su rasa gaba ɗaya.

Gaggawa ma tana ƙara dagula lamarin. Kundin babban suna sau da yawa ana ba mai sharhi shi ne a ƙarƙashin tsauraran sharuɗɗa, wani lokaci ya saurare shi sau ɗaya ko biyu kawai a ofishin kamfani, sannan a bukaci hukunci kafin ranar fitowa. Tarihi ya cika da hukuncin da aka janye. Mujallar Rolling Stone ta kushe kundin farko na Led Zeppelin a 1969. Ta ba kundin ƙungiyar Weezer na 1996 taurari uku, ta dawo a 2004 ta ba shi biyar. Pitchfork kuma a 2021 ta sake wa kundaye 19 maki ta amsa cewa ba ta auna su daidai ba. Abin lura shi ne yawancin irin wannan gyara ana yin sa ne ga ayyukan da aka raina suna sababbi, a lokacin da yabon zai yi musu amfani, ana kuma yin sa ne bayan sun riga sun tsira da kansu. Maki na lamba yana ƙara wannan illa, domin shafuka irin su Metacritic suna tattara lambobin su fitar da matsakaici, mai karatu ya ga 78 nan da 78 can, bai san cewa ɗaya ladan daɗewa ba ne, ɗayan kuma an same shi ne bayan an cire wa yara maki don sun yi kama da wasu.

Abin da kunne mai kulawa zai iya yi wa sabuwar ƙungiya an gan shi a 1978, lokacin da John Peel na gidan rediyon BBC ya sa waƙar wasu samari daga Derry ta Arewacin Ailan, The Undertones, sau biyu a jere a shirinsa. Shugaban kamfanin Sire ya ji ta, ba a daɗe ba ya ɗauke su. A yau wani ɓangare na wannan aiki ya koma hannun dattawan da kansu. Iggy Pop, wanda aka haifa a 1947 kuma ake ɗauka a matsayin kakan pank, yana da shiri a tashar BBC Radio 6 Music inda yake sa waƙoƙin ƙungiyoyin da mujallu ba su kai gare su ba tukuna, Green Day kuma sun ɗauki The Linda Lindas su riƙa buɗe musu wasa a rangadinsu na 2024 a manyan filayen Amurka. Wannan taimako na gaske ne, amma ba ya maye gurbin sharhi, domin dattijon da ya ɗauki yaro a rangadi ba zai fito ya rubuta cewa rabin kundin yaron bai nuna ba, kuma ba zai rubuta haka game da nasa kundin ba. Wannan aiki ya rage ga mai sharhin da ba ya cikin rangadin kowa, wanda zai ba kundin yara sauraro biyar ko shida kafin ya ɗauki alƙalami, ya kuma tambayi kundin dattawa dalilin fitowarsa a wannan shekara ba tare da tsohon sunan ya amsa a madadinsa ba.